Ibi, Garin Bakin Binuwai

Idan kun ba ɗan makaranta taswirar Nijeriya kuka ce ya nuna muku Ibi, zai daɗe yana lalube kafin ya same shi. Ɗan ɗigo ne kurum a bakin kogi. Amma da fataken shekara 120 da suka wuce kuka tambaya, da sun yi mamakin tambayar, gama a zamaninsu duk mai neman Muri ko Yola ta ruwa sai ya biya ta Ibi, mai neman Wase da Bauci kuwa a nan yakan sauka daga jirgi ya kama hanyar ƙasa. A nan Kamfani ya kafa babban kantinsa na Binuwai. A nan Razdan ya zauna. Ta nan kuma 'yan mishan na fari suka bi zuwa ƙasashen da yawancinmu muka fito.

To, yaya aka yi gari mai suna haka ya koma shiru? Su wane ne suke zaune a cikinsa? Mene ne kuma yake damunsu? A wannan wata muna so mu zauna da ku mu bi labarin tun daga tushe, gama labarin Ibi labarin garuruwa da yawa ne da suke bakin ruwa a ƙasarmu.

Inda garin yake

Ibi yana cikin Jihar Taraba, a gefen kudu na kogin Binuwai. In kun tashi daga Wukari kuka nufi arewa, tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, sai ku ga hanya ta ƙare a bakin ruwa. Wannan shi ne Ibi. In kuka tsaya a gaɓa kuka duba ƙetare, wajen nan ne kogin Shemankar, wanda yake gangarowa daga duwatsun Filato ta ƙasar Shandam, yake zuba ruwansa cikin Binuwai. Gabas da gari kuma akwai waɗansu manyan koguna biyu, watau Donga da Taraba, su ma a Binuwai suke ƙarewa. Daga na biyun ne jihar ta sami sunanta.

Ƙasar kwari ce, shimfiɗaɗɗiya. Tsayinta bisa teku bai wuce kamar mita 100 ba, alhali Jos ya fi mita 1,200. Shi ya sa mutumin Jos ko Pankshin, in ya sauko Ibi a watan Maris, yakan ce an jefa shi cikin tanda. Ruwan sama yakan fara wajen Afrilu ya ɗauke wajen Oktoba. Daga Disamba hunturu yakan sauko da hazo, har wani lokaci ba a iya hangen ƙetaren kogi da safe. Jejin wurin na dogayen ciyayi ne, da kaɗanya, da ɗorawa, da giginya a bakin fadamu. Ƙasa ce mai albarka ga doya, da shinkafa, da masara, da dawa, da riɗi, da rogo.

Kogi mai hali biyu

Ba a iya sanin Ibi sai an san Binuwai. Kogin nan ya taso ne daga tuddan Adamawa a ƙasar Kamaru. Ya bi ta Garwa, ya shigo Nijeriya, ya wuce Yola, da Numan inda Gongola ya same shi, da Lau, da Ibi, da Makurɗi, kāna ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tsawonsa kimanin kilomita 1,400 ne, shi ne kuma mafi girma cikin kogunan da suke zuba cikin Kwara. Bature na fari da ya gan shi ta wajen Yola, shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim. A shekarar 1851 ke nan. Shi ya rubuta cewa a bakin Batawa ma'anar sunan kogin ita ce uwar ruwaye.

Wanda ya ga Binuwai sau ɗaya bai gan shi ba, gama hali biyu gare shi. Da rani ruwa yakan janye, tsibiran yashi su fito fari fat, kogi ya rabu gida gida, har jirgi ya riƙa kewaye yana neman inda yake da zurfi. Da damina kuwa, tun daga Yuli, sai ya fara cika. Yakan kai matuƙa wajen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da ruwan duwatsun Kamaru, da na Mambila, da na Filato, duka suka taru a kwari ɗaya. A lokacin nan yakan tumbatsa ya malale fadamu, faɗinsa ya zama abin tsoro.

Wannan cika da janyewa su ne abincin garin. Sa'ad da ruwa ya malale fadama, kifaye sukan bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a inda abinci yake da yawa. Sa'ad da ya janye, yakan bar laka mai taki ga manomin rani, ya bar tafkuna cike da kifi ga masunci. Akwai giwan ruwa, da tarwaɗa, da ƙarfasa, da yauni, da tsage, da ƙurungu. A dā dorina da kada da ayu suna da yawa a kogin, amma farauta da yawan mutane sun rage su ƙwarai.

Kafuwar gari

Tun kafin a yi Ibi akwai mutane a kwarin nan. Ƙasar Jukun ce, waɗanda tarihi ya haɗa su da daular Kwararrafa. Littafin tarihin Kano ya ambaci yadda mayaƙan Kwararrafa suka kai wa Kano yaƙi fiye da sau ɗaya a ƙarni na 17. Bayan ƙarfinsu ya ragu, Wukari ya zama mazaunin babban sarkinsu, Aku Uka. Waɗansu daga cikin Jukun ɗin mutanen ruwa ne, sana'arsu su da tuƙin jirgi, ƙauyukansu kuwa jere suke a bakin Binuwai.

A farkon ƙarni na 19 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kai gabashin kwarin. Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gwambe, ya kafa masarautar Muri wajen 1817, ikonta kuwa ya yi ta gangarowa bisa kogi har ya kai garin Jibu. Masu tarihi suna sa kafuwar Ibi wajen shekarun 1850, suna kuma danganta shi da mutanen Jibu. Watau, in an gwada shi da Kano ko Katsina, Ibi yaro ne.

Ba za mu ɓoye muku ba, cikin kayan da aka yi ciniki a kwarin nan a zamanin akwai mutane. Akan kai hari ƙauyuka, a kama mata da yara, a ɗaure su a bi da su ta kogi ko ta hanyar fatake zuwa kasuwannin arewa. Yawancin kabilun da suka hau duwatsu suka zauna a wurare masu wuyar hawa, gudun wannan ne ya kai su. Ban da bayi akwai hauren giwa, da gishiri, da tufafi, da dawakai. Fataken Hausa da Barebari da Nufawa suka fara yada zango a Ibi, waɗansu suka yi aure suka zauna. Ta haka ne harshen Hausa ya zama harshen kasuwar garin.

Zamanin Kamfani

A shekarar 1854 wani jirgi mai hayaƙi, sunansa Pleiad, ya hau Binuwai a hannun Likita William Baikie. A cikinsa akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa an taɓa kama shi bawa yana yaro, ya kuwa zama bishop a 1864. Tafiyar nan ta yi suna domin abu guda. Kafin ita, Turawan da suka shiga kogunan nan mutuwa suke yi da zazzaɓi kamar ƙudaje. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kullum, aka je aka komo ba wanda ya mutu. Daga nan ƙofar kogi ta buɗe.

A cikin shekarun 1880 kamfanin Ingilishi na George Goldie ya kafa kanti a Ibi. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company, Ibi kuwa ya zama babbar tasharsa a Binuwai. Aka gina ɗakunan ajiya na kwano a bakin ruwa, aka ajiye soja. Kamfani yana sayen hauren giwa, da danƙo, da ƙaro, da kaɗe, da riɗi, yana sayar da gishiri, da yadi, da tasoshi.

Faransawa ma suna da ido a kan kogin. A 1892 wani hafsansu, Louis Mizon, ya hau Binuwai da jiragensa, ya ƙulla abuta da Sarkin Muri Muhammadu Nya, har ya taimake shi da igwa aka ci garin Kona na Jukun. Bayan wannan yaƙi ne aka kafa Jalingo, wanda shi ne babban birnin Jihar Taraba. Ingilishi suka yi ƙara mai zafi, Gwamnatin Faransa ta janye Mizon a 1893. Da abin ya tafi wata hanya dabam, watakila da yaran Ibi Faransanci suke koyo a makaranta.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfani, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja. Ibi ya zama barikin soja. A farkon 1902 daga nan ne rundunar Kanar Morland ta tashi ta nufi Bauci, daga can ta zarce Barno. Shekaru da dama kuma Ibi ne mazaunin Razdan na Lardin Muri.

Baƙi huɗu na 1904

Akwai wani abin da ya sa sunan Ibi ba baƙo ba ne a gidajenmu. A watan Yuli na 1904 mutum huɗu suka tashi daga Liverpool ta Ingila, watau Dokta Karl Kumm, da Likita Ambrose Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell. Su ne ma'aikatan fari na mishan ɗin Sudan United Mission. Bisa shawarar Lugard suka nufi Wase. Suka hau Binuwai har Ibi, suka haye, suka yi tafiyar ƙasa wajen mil 80 zuwa gindin Dutsen Wase.

Ba su daɗe a Wase ba, amma aikin ya bazu zuwa Wukari, da Donga, da Langtang. Da yake kome da kome ta kogi yake zuwa, ko wasiƙa, ko magani, ko sabon ma'aikaci, sai Ibi ya zama hedkwatar mishan ɗin, har zuwa 1934 da aka ƙaura Gindiri. Ta kogin nan Likita Niels Bronnum na Danmak ya bi zuwa Numan a 1913. A Ibi ne Johanna Veenstra ta Amirka ta sauka a 1920 kafin ta wuce Lupwe kusa da Takum, inda ta yi aiki har ta rasu a asibitin Vom a 1933. Maxwell kuwa ya ƙware a Hausa har ya rubuta littafin koyon harshen mai suna Yau da Gobe.

Sunayen Turawan nan suna rubuce. Amma mu tuna, ba su suka tuƙa jirgi ba, ba su suka ɗauki kaya a kā mil 80 ba, ba su suka nuna hanya ba. 'Yan ƙasa ne suka yi wannan, masu jirgi, da 'yan alaro, da tafintoci, da masu dafa abinci, Musulmi da masu bin addinin gargajiya. Yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Duk wanda ya tashi a ikilisiyoyin da suka fito daga aikin nan, a Filato ko Taraba ko Adamawa, akwai bashin godiya a kansa ga mutanen bakin ruwan Ibi.

Yadda ciniki ya ƙaura

Hausawa sun ce, kowa ya daɗe ya ga daɗau. Abin da ya ɗaukaka Ibi shi ne kogi, abin da ya rage shi kuwa jirgin ƙasa ne. Aibin Binuwai ga ɗan kasuwa shi ne, manyan jirage ba su iya hawansa sai 'yan watannin cikar ruwa. In kayanka suka makara, sai su kwana a sito har baɗi. Jirgin ƙasa kuwa ba ruwansa da rani ko damina.

Aka ja hanyar dogo daga Fatakwal ta Inugu, ta iso Binuwai a Makurɗi, ba a Ibi ba. A 1927 ta haɗu da ta arewa ta Kafancan. Da fari a jirgin fito ake haye da taragai, sai a 1932 aka buɗe babbar gadar Makurɗi. Daga nan Makurɗi, wanda ɗan ƙauye ne a dā, ya shiga girma. Kafin wannan ma, a 1926, Gwamnati ta sāke tsarin larduna, aka rushe Lardin Muri, ƙasar Ibi ta koma Lardin Binuwai ƙarƙashin Wukari. Razdan ya tafi, 'yan mishan suka bi baya bayan shekara 8.

Duk da haka jiragen kamfanoni suka ci gaba da hawa kowace damina har Yola da Garwa, suna kwasar gyaɗa da auduga da riɗi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da zirga-zirgar nan, bayan yaƙi kuwa manyan motoci suka gāje aikin. Ba ta sāke komawa yadda take ba. Ta wajen mulki, Ibi ya zauna cikin Jihar Binuwai da Filato daga 1967, ya koma Gongola a 1976, sa'an nan Taraba ran 27 ga Agusta 1991. Shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ibi, ɗaya daga cikin 16 na jihar.

Mutanen garin

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ibi kimanin mutum 84,000, cikin wajen miliyan 2.3 na jihar duka. Watau tana cikin masu ƙarancin mutane a Taraba. Lissafin nan ya haɗa gari da ƙauyuka na gaɓa biyu. An shirya wata ƙidaya a 2023 amma aka ɗage ta. Babu shakka mutane sun ƙaru ƙwarai tun daga 2006, gama yaran da aka haifa a shekarar sun riga sun isa aure.

Ƙidaya ma a bakin kogi aiki ne mai wuya. Masunta sukan bi kifi. Da rani za ku ga bukkoki a kan tsibirin yashi, da yara, da kaji, da hayaƙin banda. Da ruwa ya cika, wurin duka ya nutse, mutanen sun yi gaba. 'Ya'yansu kuwa karatu yakan yi musu wuya, gama wata uku suna nan, wata uku suna can.

In kun shiga kasuwar Ibi za ku ji harsuna iri iri. Ga Jukun, ga Hausawa, ga Fulani da nono da shanu, ga Tibi da doya, ga Nufawa da Barebari waɗanda kakanninsu suka zo fatauci, ga Ibo masu kantuna, ga mutanen Filato daga ƙetare. Akwai Musulmi, akwai Kirista, sau da yawa a dangi ɗaya. Mata su ne ƙashin bayan cinikin kifi. Su suke gyarawa, su suke yin banda, su suke jera shi a kwando a kai biranen nesa.

Zaman nan na cuɗanya ba kullum ya tafi lafiya ba. A watan Nuwamba na 2012 rikici ya ɓarke a Ibi, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone gidaje da wuraren ibada. A 2013 da 2014 wutar ta kama Wukari da kewaye. An kuma sha faɗa kan gonaki tsakanin Jukun da Tibi a kudancin jihar, kamar na 2001 da na 2019. Ba wanda ya ci riba. Mai kifi ya rasa mai saye, mai doya ya rasa mai haye da shi, yara suka rasa makaranta. Tsofaffi sun faɗa, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A garin da kowa yake bukatar jirgin maƙwabcinsa, maganar nan ba karin magana kaɗai ba ce, hanyar cin abinci ce.

Tafkin Nwonyo

'Yar tafiya kaɗan daga gari akwai tafkin Nwonyo, wanda Binuwai yake cika shi da damina. Bisa ga labarin mutanen wurin, an gano shi tun farkon ƙarni na 19, aka kuma mai da sunsa biki na jama'a a 1914. Ranar biki masunta sukan jeru da jirage da taru da koma, a ba da alama, su fāɗa ruwa gaba ɗaya. Wanda ya kama kifi mafi nauyi shi ne gwani. Akan yi tseren kwalekwale, da iyo, da kiɗa, da rawa, sarakuna kuma su hallara. Bayan na 2010 bikin ya tsaya shekara da shekaru, sai a watan Afrilu na 2024, a zamanin Gwamna Agbu Kefas, aka farfaɗo da shi.

Akwai hikima a cikin al'adar nan da ya kamata mu lura da ita. Dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye ranar biki shi ne an hana su a tafkin sauran kwanakin shekara. An bar kifi ya girma, ya hayayyafa. Kakanni ba su je makarantar aikin gona ba, amma sun san wannan. A wurare da yawa na kogunanmu an yi watsi da ita. Waɗansu suna su da taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba. Waɗansu suna zuba maganin ƙwari a ruwa, kifi ya mutu babba da yaro, mai ci kuma ya ci dafi. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Ambaliya, haye, da gada

Kogin da yake ciyarwa shi ne kuma yake cinyewa. A 2012 aka yi ambaliyar da ba a ga irinta ba shekaru da yawa. Bisa ga lissafin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, mutum 363 suka mutu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 aka sāke yin wata, wadda ta kashe fiye da mutum 600. Garuruwan bakin Binuwai suna cikin waɗanda suka fi shan wuya, gonakin shinkafa suka nutse ana gab da girbi.

Mutane sukan ɗora laifin duka a kan madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru, wadda aka gama a 1982. Gaskiya ne, in ta cika dole a buɗe ta, ruwan kuwa ta Yola da Numan da Ibi zai bi. An yi niyyar gina wata madatsa a Dasin Hausa cikin Adamawa domin ta tare shi, amma har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Sai dai Lagdo ba ita kaɗai ba ce. Faro, da Gongola, da Taraba, da Donga, duk a ƙasa da Lagdo suke shiga Binuwai, in an yi ruwa mai yawa kuwa su ma sukan kawo nasu. Sare itatuwa a kan tuddai yana sa ruwa ya gangaro da sauri, ya kwaso yashi ya cike kogi. Gina gida a fadama kuma, neman magana ne da ruwa.

Sa'an nan ga maganar haye. Hanyar da ta fi kusa daga Wukari zuwa Shandam da Jos ta Ibi take, amma kogi ya raba ta biyu. Mutane, da babura, da buhuna, da dabbobi, har da motoci, a jirgi ake haye da su. Mai ciwo ko mace mai naƙuda da ke ƙetare, in dare ya yi sai su jira gari ya waye. Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar gina gada, aka fara aiki, amma har shekarar 2023 ta ƙare a jirgi ake haye. Ranar da aka gama gadar nan, watakila Ibi ya sāke zama mararraba kamar dā.

Kafin wannan rana, muna roƙon iyayen gida da suke zaune a bakin ruwa, ko masu tafiya ta can, su riƙe abubuwa kaɗan. Kada ku shiga jirgin da aka yi masa lodi har ruwa ya kusa bakinsa, ko da za ku makara. Kada ku haye da dare, ko sa'ad da hadari ya haɗu. In akwai rigar ruwa ku sa, ku sa wa yara tukuna. In hukuma ta yi shelar ruwa yana zuwa, ku kwashe hatsi da tsofaffi da yara zuwa tudu tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani. Bayan ambaliya ku tafasa ruwan sha, domin rijiyoyi sukan gauraye da ƙazanta, daga nan amai da gudawa suke tashi. In kuwa kun ga yaro yana fitsarin jini, kada ku ce alamar girma ce. Tsargiya ce, wadda wata tsutsa take kawowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata sa'ad da yaro yake wanka. Akwai maganinta a asibiti, ba shi da wuya.

Ibi bai mutu ba. Kowace safiya jirage suna fita, mata suna hura wutar banda, yara suna tafiya makaranta. Kamfani ya zo ya tafi, Razdan ya zo ya tafi, 'yan mishan sun zo sun wuce, kogi da mutanensa suna nan. In Allah ya kai ku Wukari wata rana, ku ƙarasa Ibi, ku tafi da yaranku. Ku tsaya da su a gaɓa da yamma, ku nuna musu ƙetare, ku gaya musu ta nan aka bi. In za ku haye, ku gai da mai jirgi da ladabi, ku biya shi hakkinsa ba gardama. Watakila kakansa ne ya haye da waɗanda suka kai wa kakanninku littafi da magani.